An ba ni makullin laburare, malamai kuma ba sa leƙowa

Tambayar ta zo daga wata malama da ke koyarwa a wata lise, wato makarantar sakandare, ta gwamnati a Garwa ta Kamaru. Ta ce: "Bana aka rage mini awowin aji aka damƙa mini makullin laburare. Littattafai suna nan jibge, amma malamai ba sa leƙowa, yara kuwa sai rana ta take suke shigowa neman inuwa. Na yi magana a taron malamai, kowa ya ce to, har yau shiru. Ta ina zan ɓullo musu?"

Malama, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada. Kafin komai, kada ki ɗauki shirun abokan aikinki a matsayin raini. Ke ma jiya-jiya kina riƙe da alli, kin san halin da malamin aji yake ciki. Yara tamanin ko fiye a gabansa, takardar jeren darussa ta shekara tana aljihunsa, sanser, mataimakin shugaba mai kula da karatu, yana duba kundin aji ya ga ina aka kwana, kowane zango ga jarrabawar gwaji da tarin takardun da zai duba, ƙarshen shekara kuma a tambaye shi kashi nawa na manhaja ya kammala. Mutumin da ke cikin wannan hali idan kika tashi a taro kika ce a zo a raya al'adar karatu, abin da kunnensa ke ji shi ne ana so a ci masa awa guda. Zai ce to don kunya, ba kuma zai zo ba.

Saboda haka shawarata ita ce ki bar gayyatar jama'a gaba ɗaya. Ki nemi malami ɗaya, darasi ɗaya, ki je masa da abin da zai rage masa nauyi, kuma ki tabbata aikin da yara za su yi a wurinki yana da maki. Sauran bayanin da zan yi duk a kan wannan yake.

Hanyar shiga ita ce takardar jeren darussan nan. Ki je wurin shugabannin sassa, na Faransanci, na tarihi da labarin ƙasa, na kimiyyar halittu, ki roƙi kwafi. Ki zauna da ita a gaban kantocinki ki ga me za a koyar nan da mako uku ko huɗu, me kuma kike da shi a kai. Daga nan ba za ki sake ce wa kowa "ku riƙa turo yara" ba. Za ki tari malamin labarin ƙasa a ɗakin malamai ki ce, "Malam, na ga bayan hutu za ka shiga koguna da yanayin Kamaru. Na ware littattafan taswira shida da wasu mujallu, na sa alama a shafukan. In ka yarda ka raba mini ajin biyu, rabi su zo wurina rabi su zauna da kai, mu yi musanya bayan awa ɗaya." Da wuya ya ƙi, domin kin ba shi abin da bai taɓa samu ba, wato aji mai yara arba'in maimakon tamanin.

Raba ajin nan ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin laburarorin makarantunmu tsohon aji ne aka sa wa kanta, kujerun ba su wuce na mutum talatin ko arba'in ba. Duk tsarin da ya ce a kwaso aji guda a zuba a ciki zai ƙare da hayaniya da yagaggen shafi, malamin kuma ya rantse ba zai sake ba.

Bari in tsaya a kan darasin nan na labarin ƙasa, don a nan ake ganin abin da za ku iya tare, ke da malamin, wanda ɗayanku ba zai iya shi kaɗai ba. Na tabbata a cikin kayanki akwai tsohon littafin taswira, irin waɗanda aka buga a shekarun 1970, bangonsa ya saɓule, ana shirin jefa shi a kwali. Kada ki yar. Ki ajiye shi a tebur kusa da sabo, ki ba rukunin yara shida tambaya ɗaya: ku nemo garinmu a littattafan nan biyu, ku rubuta duk abin da ya bambanta. Za su tarar tsohon yana kiran ƙasar da sunan da ta ɗauka daga 1972 zuwa 1984, Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Kamaru. Za su ga arewa duka lardi ɗaya ce, Garwa ce hedkwatarta, domin sai a 1983 aka raba ta uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, sai kuma a 2008 aka daina cewa lardi aka koma cewa yanki. Za su nemi tafkin Lagdo a kan Binuwai su rasa, saboda an fara ginin madatsar a 1977 aka gama a 1982. Idan suka ɗaga ido sama za su ga Tafkin Chadi ya baje, kusan murabba'in kilomita 25,000 kamar yadda yake a farkon shekarun 1960, a sabon kuwa ya tsuke ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980.

Daga nan sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Madam, wanne ne ya yi ƙarya?" Wannan tambayar ita ake nema. Kada ki amsa masa. Ki ce ya juya bayan shafin farko ya karanto shekarar da aka buga kowanne. Yaron da ya gano da hannunsa cewa littafi yana iya faɗin gaskiyar zamaninsa ya kuma zama kuskure a yau, ya samu abin da shifta ba ta bayarwa. Gobe idan aka turo masa wani labari a WhatsApp, akwai fatan zai tambaya wa ya rubuta, yaushe kuma. Malamin ya san darasinsa, ya san abin da ke fitowa a BEPC, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Ke kin san abin da ke kan kanta da yadda ake bincikensa. Shi zai tsara tambayoyin, ke ki tsara hanyar nemo amsar.

Kayan aikin ba su da yawa. Rabin takarda ce ga kowane rukuni, an ja mata layi huɗu: sunan marubuci, shekarar bugu, lambar shafi, sai abin da muka fahimta da bakinmu. Layin ƙarshen nan shi ne mai wuya. Yaranmu sun saba kwafe, tun daga firamare abin da aka rubuta a allo shi ake mayarwa a takarda, har da waƙafi. Ki sa doka: a karanta, a rufe littafin, sannan a rubuta. Makon farko za su yi ta gunaguni, jimlolinsu kuma za su fito a karkace. Ki bar su a karkacen, gyaran Faransanci aikin wani malamin ne, kuma ga dalilin da zai kawo shi wurinki shi ma. A wannan zama ɗin ne za ki nuna musu ƙumshiya da fihirisa. Za ki sha mamakin yawan 'yan ajin ƙarshe, masu shirin bak, jarrabawar kammala sakandare, da ba su san ana neman kalma a bayan littafi a samu lambar shafi ba, sai su yi ta buɗawa daga farko.

Sai batun maki, wanda mutane ke jin nauyin faɗa. Ɗalibi ba ya wahala a kan abin da ba ya shiga sakamakonsa, kuma ba laifinsa ba ne, haka muka tarbiyyantar da shi. Ki roƙi malamin ya bar miki maki huɗu ko biyar cikin ashirin na ekspoze, wato aikin binciken da rukuni ke gabatarwa a gaban aji, ke za ki bayar a kan waccan rabin takardar. Ranar gabatarwa ki shiga ajin ki zauna a baya, ki yi tambaya ɗaya tak ga kowane rukuni: a ina kuka samo wannan? Ekspoze a makarantunmu ya daɗe da lalacewa. Yaro ɗaya ne ke zuwa shagon kwamfuta ya biya a buga masa shafi goma daga intanet, yanzu ma manhajojin da ke rubuta wa mutum amsa sun ƙara sauƙaƙa abin, sauran biyar su tara kuɗin bugu, a zo a karanta abin da ba wanda ya fahimta. Malamai sun san haka, sun gaji ne kawai. Ranar da yara suka gane akwai mai tambayar tushe, kuma tambayar tana da maki, salon aikin zai canza.

Akwai abin da na fi so a cikin wannan tsari, ban kuma cika ganin ana yin sa ba. Littattafan da ke kantocinmu kaɗan ne ke magana a kanmu. Za ki samu bayani a kan kogin Sen na Faransa da dusar ƙanƙara, ki rasa shafi biyu a kan muskuwari, dawar rani da ake dasawa a ƙasar laka da ake kira karal ta wajen Marwa bayan ruwa ya janye, ko a kan yadda manomin auduga ke hulɗa da kamfanin auduga na Sodecoton tun kafa shi a 1974, ko shinkafar Yagwa, ko ambaliyar 2012 da kowane babba a bakin Binuwai yake tunawa. To, ku tura yaran wurin mutane. Rukuni ɗaya ya zauna da masunci, wani da mai sayar da albasa, wani da kakar da ta ga Garwa kafin madatsa. Su rubuta ranar hirar da unguwar, su nemi izinin mai maganar kafin su sa sunansa. Aikin da ya fi kyau ki ɗinke shi da bango mai kauri, ki rubuta sunayen yaran a kai, ki ba shi lamba kamar kowane littafi, ki ɗora a kanta. Na ga yaro ya jawo ƙaninsa ɗan sizyem, ajin farko na sakandare, da hannu har gaban kanta don ya nuna masa sunansa. Bayan shekara uku kina da sashen da babu irinsa a ko'ina, malamin da ya sa aka yi aikin kuma ya zama mai kare laburaren a gaban shugaba, domin guminsa na ciki. Wannan kuma shi ne ainihin abin da tsarin koyarwar da ma'aikatar ilimin sakandare ta kawo yake nema, a fara darasi daga abin da yaro ke gani a rayuwarsa. Malamai da yawa suna rubuta hakan a takardar shiri don sufeto, ke za ki ba su hanyar aikata shi.

Wa za ki fara nema? Ba lallai babba a sashe ba. Wanda ya shekara ashirin yana koyar da darasi da kundi ɗaya ba shi da dalilin canzawa. Ki duba sababbin da suka fito daga makarantar horon malamai, irin ta Jami'ar Marwa da aka kafa a 2008, waɗanda aka koya musu sa yara aiki rukuni-rukuni suka zo suka tarar ba wuri. Akwai kuma masu buga 'yan takardun darasi suna sayar wa ɗalibai. Wasunsu za su ga kamar kin zo rage musu ciniki. Kada ki yi jayayya da su, kada kuma ki kai ƙara. Ki yi aikinki da wanda ya yarda, zango ɗaya ya isa labari ya zaga ɗakin malamai.

Malamin Faransanci yana da tasa buƙatar daban. Matsalarsa ita ce littafin adabin da ke cikin manhaja, yara biyar ko goma ne suka saya a aji guda. Ƙarancin littafi tsohon ciwo ne a ƙasar nan. Wani rahoton UNESCO ya nuna cewa a 2012 yara 12 ne ke raba littafin karatu ɗaya a aji biyu na firamare, na lissafi kuwa yara 14. A ƙarshen 2017 gwamnati ta koma tsarin littafi ɗaya ga kowane darasi, wanda zai yi shekaru ana amfani da shi kafin a canza. Wannan ya yi wa laburare daɗi, domin abin da kika saya bana ba zai mutu baɗi ba. Idan kuɗi ya samu, gara kwafi ashirin na littafi ɗaya da ake koyarwa da littafi ashirin daban-daban da ba wanda ya sa a karanta. Ki zuba su a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, shugaban aji ya sa hannu ya ɗauka, ya dawo da su a ƙirge bayan darasi, akwatin ya wuce aji na gaba. Ki kuma nemi abin da yaran za su ga kansu a ciki. Djaïli Amadou Amal 'yar Marwa ce, littafinta a kan auren dole da zaman kishi ya ci kyautar Goncourt ta 'yan lise a 2020, kyautar da ɗalibai ne da kansu ke zaɓen wanda zai ci. Irin wannan littafi ba ya kwana a kanta, 'yan mata ke bin layinsa.

Tunda na ambaci 'yan mata, ki yi hattara da yammacin Laraba. Nan ake tura duk wani abu da ba a ɗauke shi da muhimmanci ba, kulob-kulob da wasanni, kuma nan za a so a tura ki. Amma yarinyar da ake jira a gida ta ɗora tukunya, ko wadda ke da Islamiyya da la'asar, ba za ta tsaya ba. Idan laburare na bayan tashi ne kawai, to na maza ne da 'ya'yan masu hali. Ki nace aikinki ya shiga cikin awowin darasi, sanser ya rubuta shi a jadawali.

Batun harshe ma yana nan. Yaron sizyem da ke gabanki Fulatanci yake yi a kasuwa, a gida Hausa ko Larabcin Shuwa ko Mafa ko Tupuri ko Giziga, Faransanci kuwa sai a aji. Da yawa suna iya furta abin da ke shafi ba tare da sun san me ya ce ba. Idan rukuni suna tattauna abin da suka karanta da Hausa ko Fulatanci, ki ƙyale su, fahimta ake nema, rubutun ƙarshe ya fito da Faransanci. Dokar ilimi ta 1998 ta ambaci raya harsunan ƙasa, akwai kuma darasin harsuna da al'adun ƙasa a sakandare, malaminsa kuwa shi ya fi kowa rashin kayan aiki. Shafin African Storybook yana da gajerun labarai kyauta da Hausa da Fulatanci da za ki iya bugawa. Ranar 21 ga Fabrairu, ranar harshen uwa, dama ce ta ku yi abu tare.

In akwai kwamfuta ko da ɗaya ce, ki sa mata Kiwix. Manhaja ce ta kyauta da ke ɗauke da Wikipedia ba tare da intanet ba, akwai ta Faransanci, akwai ta Hausa. Sau ɗaya za a sauke a kawo miki a filas. Amma kada ki gina darasi a kanta ita kaɗai, kin san yadda wuta ke yi mana da bazara idan ruwan Lagdo, madatsar da ke ba mu lantarki, ya ja baya.

Za a iya tambayar ki hujja, musamman ranar da kika je neman kuɗi. Sanarwar da UNESCO da ƙungiyar laburarori ta duniya IFLA suka fitar a 1999 ta ce idan malamai da masu kula da laburare suka yi aiki tare, ɗalibai suna ƙaruwa a karatu da warware matsala. Binciken da Keith Curry Lance ya jagoranta a jihar Colorado ta Amurka, a 1993 da 2000, ya samu alaƙa tsakanin ingancin laburare da sakamakon jarrabawar karatu. Ki ambace su, amma kada ki yi alkawarin za a ga irin haka nan take a Garwa. Makarantun can suna da ƙwararren ma'aikaci da kasafin kuɗi. A Faransa ma tun 1989 mai kula da ɗakin karatun sakandare malami ne da ke cin jarrabawar ɗaukar aiki irin ta sauran malamai. Mu a nan, ko da yake babbar makarantar ESSTIC ta Yawunde tana horar da masana wannan fanni, yawanci wanda aka ga awowinsa sun yi kaɗan ake miƙa wa makulli, kamar yadda aka yi miki. Wannan yana da ɗan amfaninsa: ke malama ce, kin san aji, ba wanda zai ce ba ki san zafin alli ba.

Abu ɗaya ke sa masu riƙe da makulli su zama masu gadi, tsoron ɓata. An ƙirga littattafai an sa ki sa hannu, kina ganin duk wanda ya ɓace a wuyanki yake, sai ki ga kulle ƙofa ya fi miki kwanciyar hankali. Ki je wurin shugaban makaranta tun yanzu ku yi magana a fili, a rubuta: littafin da ake karantawa yana tsufa, wani yana ɓata, ga yadda za a yi idan ɗalibi ya ɓatar, ga abin da ba za a tuhume ki a kai ba. Littafin da aka kulle ma ba tsira ya yi ba, gara tana cinsa daga baya ba a sani ba sai an ɗaga an ga gari. Ki janye kantoci daga jikin bango, kada kwali ya kwana a ƙasa, ki sa yara su kakkaɓe ƙurar hunturu duk mako, a duba rufi kafin ruwan farko. Kwalayen kyauta da ake turowa daga waje kuma ki tace su ba kunya. Littafin koyon wata na'ura da aka daina ƙerawa ba ya ƙara miki komai sai cin wuri.

Ki sayi kundi ɗaya ki riƙa rubuta kowane aikin haɗin gwiwa: rana, aji, sunan darasi, yara nawa, littattafan da aka yi amfani da su, da wanda aka nema aka rasa. Shafin abin da aka rasa shi za ki kai taron APEE, ƙungiyar iyaye da malamai, a farkon shekara, lokacin da ake raba kuɗin iyaye. Kada ki ce a taimaka wa laburare. Ki ce aji kaza sun nemi ƙamus sau kaza babu, ga sa hannun malamansu, ga farashin guda goma a kantin littattafai. Ki sa malamin da kuka yi aiki tare ya tashi ya faɗa da bakinsa, ke ki zauna. Idan kuma aka yi miki canjin wurin aiki, kundin nan ki miƙa shi hannu da hannu tare da makullin, ki zauna da wanda ya gaje ki ku bi shi shafi-shafi kafin ki tafi.